Amaryar Da Ta Hau Dutse Da Furfura

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, akwai yini ɗaya da na san ba zai iya ɗauka ba. Shi ne ranar da na hau dutse da matata, ni da sanda, ita da idon da ke shirin rufewa, 'ya'yanmu kuma suna cewa mun zautu. Har yau akwai masu ganin wauta muka yi. Su yi ta gani. Da za a maido ni wannan safiya, da sauri ma zan ƙara.

Ni mutumin Birnin Kudu ne, tela, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Wanda ya tashi a garinmu cikin duwatsu ya tashi, ni kuwa tun ina yaro ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Ko bayan na girma, in an sauko daga masallacin Juma'a sai in rufe shago in nufi bayan gari, in hau wannan dutse in gangara wancan, in leƙa kogon da mutanen zamanin da suka zana shanu a jikinsa, in zauna in sha iska. In baƙi sun zo suna tambayar inda za su taka, wurina ake turo su. Amma matata ban taɓa kai ta ko gindin dutse ɗaya ba.

Ita 'yar wani ƙauye ce a wajen Farin Dutse, ƙasar Gwaram, iyayenta masu shanu ne da noma. A bayan ƙauyen nasu akwai dutse, a samansa kuma akwai wani falale da in an buga shi da ɗan dutse yake amsawa kamar ƙarfe. Dutsen kiɗa suke ce masa. Al'adarsu a wancan lokaci, in za a kai yarinya ɗakin miji, ƙawayenta sukan hau da ita can da hantsi, ta fara bugawa su amsa mata, mata a ƙasa su rangaɗa guɗa. Babu yanka, babu roƙon kowa, sallama ce kawai yarinya take yi da garinsu. Ni kuwa lokacin bikinmu ina ji da samartaka da ɗan karatun da na fara, sai na aika cewa amaryata ba za ta hau dutse ba, aikin jahilci ne. Aka bi maganata. Cikin sa'o'inta duka, ita kaɗai aka kai ɗaki shiru.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk shekara in gero ya nuna takan ce, "Malam, bana ma ba za a je ba?" In ce mata ta bari a gama kaka. In an gama kaka ga ɗinkin Sallah, in Sallah ta wuce ga zafi, in zafi ya wuce ga ruwa, dutse da santsi. Haka muka yi ta yi har muka aurar da 'ya'ya, muka ga jikoki.

Sai idonta ya fara dushewa. Da farko zare ne ba ta iya sa wa allura, daga baya ta riƙa tuntuɓe da buta a tsakar gida. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa saurinsa kawai zai rage. Bayan mun dawo gida tana zaune tana tsintar wake da laluben hannu, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, idona ba zai jira a gama kaka ba. Ina so in ga garinmu daga sama, ko sau ɗaya."

Na ce, "Jibi za mu tafi."

Kafin gari ya waye maganar ta zaga dangi. Babban ɗanmu, malamin makaranta ne, ya zo ya durƙusa a ƙofar shago ya ce, "Baba, don girman Allah a duba. Inna ko dokin ƙofa sai an riƙe ta take tsallakewa. In ta faɗi fa? Kuma me mutane za su ce, tsohuwa mai jikoki a kan dutse tana kiɗa?" Ƙanwarsa ta bugo waya daga Kano, wai in iska Inna take so a sa mata kujera a ƙofar gida. A majalisa kuwa abokaina suka samu abin yi. Ina isowa wani ya ce, "Ga angon dutse nan! Malam tela, da mu za a ɗaura ko har an shafa fatiha?" Suka kwashe da dariya.

Na ce musu, "Ranar da na hana ta hawa, duk nan kun ce na yi daidai. Na ji taku a lokacin, kun ga inda ta kai ni. Yau ba shawara na zo nema ba."

Da safiyar tafiya na nemi makullin babur ɗina na rasa. Na san wanda ya ɗauke, ban kuma tsaya tambaya ba. Na kama hannunta muka tafi tasha, muka shiga motar Gwaram, daga can 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu ƙauyen. Ba mu shiga gidan kowa ba, don mun san in muka zauna gaisuwa za a taru a hana mu.

Ƙarshen damina ne, sama ta wanke tas, ana ta yankan gero. Na riƙe kan sanda, ta riƙe ƙarshenta a bayana, muka fara hawa. Nakan ce, "Ɗaga ƙafa, akwai tudu," ta ɗaga. Takan ce, "A nan dama akwai tsamiya, a inuwarta muke ajiye ƙwaryar nono." In duba in ga kututture kawai, in ce mata haka ne. Gwiwata ta hagu ta fara magana tun ba mu yi nisa ba, numfashina yana fita kamar zugazugin maƙera. Ita ce ma take cewa, "To, sarkin yawo, ina ƙarfin da ake ba baƙi labari?"

Mun kai kusan rabi muka ji ƙarar babur a ƙasa. Babur ɗina ne, ɗanmu a kai. Ya biyo mu da gudu cikin takalmin zuwa aiki, yana zamewa yana tashi, har ya sha gabanmu yana haki. Ya ce, "Baba, ya isa haka. Ta taka dutsen, alhamdulillahi. Mu koma."

Na ce, "Matsa daga hanya."

Ya ce, "Wallahi in wani abu ya same ta, ni za a tambaya."

Na ce, "Ni na auro ta, ni za a tambaya."

Bai matsa ba. Ita kuwa, da yake shi ne ɗan farinta, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar gidansu ke nan. Sai ta juyo wajena ta ce, "Malam, ka gaya wa wancan mutumin, in mayar da ni ya zo yi, sai dai ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gero, kuma zan yi ihu duk ƙauye su ji. In kuwa rakiya ya zo, ga takalmina, ya riƙe mini, santsi suke yi." Ta tuɓe su ta miƙa ta inda ta ji numfashinsa. Ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya karɓa da hannu biyu, ya koma bayanta.

Muka kai sama rana ta ɗaga sosai. Ni dai na sha hawa duwatsu, amma ban taɓa ganin ƙasa ta shimfiɗu haka ba: gonaki jere, dammunan gero a tsaye, shanu can nesa kamar an watsa farin wake, rufin ƙauyensu yana walƙiya. Na juya da ita ta fuskanci garin na ce, "To, ga shi nan."

Ta buɗe ido iyakar buɗewa. Ta kare rana da tafin hannu. Ta juya dama, ta juya hagu. Sannan ta ce a hankali, "Fari kawai nake gani, kamar an shanya zane. Mun makara, Malam."

 Na fara cewa, "Ga masallacinku can, ga..." Ta ce, "Bar shi. Da labari nake so, da na zauna a gida." Ta zauna a kan falalen, ɗanmu ya kau da kai yana goge fuska da hannun riga. 

Tana zaune tana shafa dutsen, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta sake shafawa. Wasu ramuka ne a jikin falalen, masu santsi kamar cikin ƙoƙo, inda bugun 'yan mata ya cinye dutsen shekara da shekaru. Ta laluba gefe ta samo ɗan dutse da ya cika mata hannu, ta ɗaga ta buga. Ƙarar ta tashi kamar an daki babbar tukunyar ƙarfe, ta bi iska ta gangara. Ta sake bugawa, ta canza rami, sauti ya canza. Hannun bai manta ba, ko da yake wasu ya taɓa yi wa amshi, ba a taɓa yi masa ba.

Sai ta tsaya ta ce, "Amarya ba ta kiɗa ita kaɗai. Sai an amsa mata."

Ƙawayen da za su amsa, wasu sun rasu, wasu aure ya watsa su. Na ajiye sanda, na durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, na ɗauki dutse, ni da na aika a hana. Ta buga, na amsa. Ta ce, "Kai, Malam, ɗinki dai ka iya. Jira sai na sauke hannu." Na jira, na sake amsawa. Ban ankara ba na ji bugu na uku a gefena, malamin makaranta ne, takalmin uwarsa a hammata.

Muna cikin haka sai guɗa ta tashi daga wata gonar gyaɗa a gindin dutsen. Muryar tsohuwa ce, tana karkarwa amma ta kai. Wata ta karɓa daga cikin ƙauye, wata kuma daga can wajen rijiya. Matata ta saki dutsen, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Har yau ban san ko kuka take ko dariya ba, ban kuma tambaya ba.

Da muka sauko, tsohuwar gonar gyaɗa tana jiranmu da ƙwaryar ruwa. Ta ce, "Rabon da in ji dutsen nan tun ina goyon autana. Wace amarya aka kai?" Na ce, "Tawa ce. Shirin ne ya ɗan ja lokaci."

Kafin damina ta zagayo, farin nan da take gani ma ya tafi. Amma ba mu daina fita ba, ni a kan sanda ita a ƙarshenta, masu surutu kuma sun gaji sun bari. Baƙi har yanzu suna zuwa tambayata inda ya fi daɗin takawa. Nakan ce su fara da duwatsun bayan garinmu da sassafe, su ga zanen shanun nan. In suna da ƙafa su bi hanyoyin gona tsakanin Basirka da Farin Dutse lokacin yankan gero, su hau duk dutsen da mutanen wurin suka nuna musu. Sannan in gaya musu abin da ranar nan ta koya mini, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba: in akwai wanda ya daɗe yana cewa ka kai shi wani wuri, kada ka tsaya jin me mutane za su ce, kada kuma ka ce masa a bari a gama kaka. Ni na kai tawa ta ji garinsu. Da na tashi da wuri, da ta gan shi.