Lu'ulu'un Wake na Kawu Ilu

Ina kishingiɗe a inuwar darbejiya, na kai inda jarumin littafina zai hau jirgi ya bar masoyiyarsa, sai maigidana ya shigo ba sallama. Ya tsaya a kaina ya ce, "Rabi, ajiye littafin nan. Kamiyon gyaɗa ya kife a hanya kusa da Ɗan Issa, Kawu Ilu yana cikin motar." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau ban san ko jarumin ya dawo ba.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Mushe ne, wato malamin makaranta, kimiyya yake koyarwa a Maradi, amma duk hutu yana gida Madarumfa. Shi ya saya mini littafin labari na farko, shi ne kuma ya fi kowa yi mini tsiya a kansa. Mutum ne marar hayaniya. Ba ya tsallake tambayar yaro, ko da tuwo na hucewa a gabansa.

Wani hutu ya sa na jiƙa masa wake, ya kakkarya tsinken tsintsiya, muka zauna muna sokawa. Kowane wake sai ya haɗu da huɗu. Da na gaji na haɗa da uku, ya zare ya ce, "'Yar Kawu, kin yi kiriyon ke nan." Ya ce bakin kiriyon, wato fensirin da muke rubutu da shi, da dutsen lu'ulu'u abu ɗaya ne, riƙo ne ya bambanta su. A kiriyon kowace ƙwaya uku ta riƙe, sai suka zama kamar tabarmi a jibge, suna zamewa su bar baƙi a takarda. A lu'ulu'u kowace ta riƙe huɗu, huɗun ma haka, har iyakar dutsen. "Ba wadda za ki cire ba ki taɓa sauran ba," in ji shi. Sai ya yi dariya: "Masoyan littattafanki duk kiriyon ne, a ɗan goga su sun rabu."

Abin ya bushe, ya rataye shi a azarar ɗakinsa. Kowace shekara yakan kai shi aji ya koyar da shi.

Bayan rasuwarsa sai abin ya soma juyawa ba iska. Gari na zubowa daga jikinsa, ana jin ƙaramin ƙas-ƙas a ciki. Matarsa, Inna Hajo, ta daina shiga ɗakin. Yayarta da ta zo gaisuwa daga garin Sarkin Yamma ta leƙa ta ja da baya.

"Hajo, da wannan kuke kwana? Asiri ne aka yi masa! Ana gama sadakar arba'in a jefa shi tabki."

Na ce, "Gwaggo, wake ne fa. Ni na jiƙa shi."

"Wake? Ke da littafi ya juya wa kai! Waken gidanku magana yake yi?"

Na san ƙwari ne ke cin sa. Duk da haka, da na tsaya ƙarƙashinsa da rana tsaka, ƙarar alli na ji a kan allo, har na waiwaya. Ba kowa sai hularsa a ƙusa. Na duba na ga in tabki bai ci abin ba, ƙwari za su cinye shi, kuma duk gidan ni kaɗai na san yadda aka ɗaure shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iliminsa ya bi shi da lada. Allah Ya ba Inna Hajo haƙuri, Ya raya marayun da ya bari a kan alheri.

Ranar arba'in, kafin a watse, na kwance shi daga azara, na naɗe a mayafina. Maigidana ya dube ni bai hana ba. Na jiƙa sabon wake don in ɗaura wani irinsa. In ya bushe, da hannuna zan kai wa ajinsa a Maradi.