Akwatin da na adana a cikin kwalla

Shekarun baya, bayan wata damina da ruwa ya ci gidaje a gangaren rafi, wani maƙwabcinmu ɗan haya mai aiki a Abuja ya kawo wasu 'yan akwatuna kamar sabulun wanki, kowanne da 'yar eriya da farantin sola. Ya ce ko netwok ya ɗauke, saƙo zai fita daga waya, wannan akwati ya miƙa wa wancan har ya isa inda aka tura. Gidana yana kan tudu a unguwar Hashimi, sai ya ɗaure ɗaya a rufina.

"Hajiya, naki ne gada tsakanin gangare da cikin gari. Don Allah kada a taɓa shi."

Na ce, "Malam, ni ba yarinya ba ce." Lokacin ina aji biyu a makarantar manya, ji nake ba abin da ya fi ƙarfin kaina.

Wata Laraba da azahar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ina kwashe shanya na ɗaga kai, na ga akwatin nan, kayan mutane, a waje. A gidanmu ba a barin abin amana ruwa ya doke shi. Na hau tsani na kwance shi, na naɗe a ɗankwali, na sa a kwallar ƙarfen da nake ajiye sarƙoƙina, na danne murfi. Har yaba wa kaina na yi.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, netwok ya ɗauke, ni kuwa na zauna ina aikin gida da fensir.

Bayan la'asar maƙwabcin ya shigo sharkaf.

"Hajiya, gangare shiru tun ɗazu. Iska ce ta cire akwatin?"

"Wace iska? Ni na adana maka."

"A ina?"

Na buɗe kwalla. Ya fizge akwatin ya ɗaga sama a bakin ƙofa. Sai wayata ta yi ƙara. Matar ƙanina ce, wadda mahaifiyata ke zaune wurinta a gangare. Da kaina na haɗa baƙaƙen: "Ruwa ya kai ƙugu. Inna ta kasa tashi. A zo."

Ashe tun azahar take ta turowa. Ashe ƙarfe ba ya barin saƙo ya wuce.

Maƙwabcin ya tura wa mazan unguwa, muka gangara da igiya. A kan buhunan masara muka tarar da Inna, surukarta na tallafe da ita, ruwa har ƙirji.

Da aka kawo ta gidana aka lulluɓe ta, sai ta ce, "Wa ya hana ku zuwa?"

Na ce, "Ni ce, Inna." Na faɗa mata komai.

Ta daɗe tana kallon kwallar. "Wadda na ba ki ranar aurenki?"

"Ita."

"To, ai ni na koya miki."

Har ta rasu ba ta ƙara tayar da maganar ba, matar ƙanina kuwa sai da ta shekara ba ta kira ni Yaya ba, kuma ban ga laifinta ba.

An ce kada in taɓa, ban tambayi dalili ba, don kada a ce tsohuwar 'yar makaranta ba ta gane ba. Yanzu tambaya nake har a gaji da ni. Kuma duk ran da hadari ya taso, nakan kwashe shanya da tabarma da akuya, in bar akwatin nan a sama ruwa na dukansa. Har yau hannuna ƙaiƙayi yake, amma ba na taɓawa.