Allon da ake taɓawa da hannu

Damina ta fara ja da baya, masara ta nuna. Shekara ce da mutane suka fara komawa gonakin nesa, suna noma suna waige. A lokacin ne muka tashi da asuba daga Tabanni, ni da ƙanena da 'yata. Tun haihuwa yatsunta a dunƙule suke, ba sa riƙe fensir, shi ya sa aka ce mu bar ta a gida. Sai muka ji labarin wata makaranta a Kaduna ta yara masu lalura, amma sai sun gwada yaro kafin su karɓe shi.

A tashar Birnin Gwari muka sami mota. Kuɗin mota ya tashi, ramukan hanya kuwa suna nan inda na bar su. Daji ya yi kore shar, itatuwa sun haɗa kai ta sama, kowa ya yi tsit sai salati. Sai da muka wuce Buruku bakin mutane ya buɗe, har aka sayi gasasshiyar masara.

Ajin da aka kai mu babu alli, babu baƙin allo irin wanda na koyi karatu a kansa a yaƙi da jahilci. Wani farin gilashi ne a bango, ya fi ƙofar ɗakina faɗi, yana haske. Wata yarinya da ba ta magana ta danna hoton kofi a jikinsa, sai allon ya ce "ruwa". Aka kawo mata ruwa.

'Yata ta miƙa hannu. Na cafke shi da sauri, domin a wurinmu yaro ba ya taɓa talabijin ɗin mutane.

Malamar ajin ta ce, "Sake ta, Mama. Don taɓawa aka yi shi."

"Malama, hannun nata da nauyi. In ya fashe fa?"

"Waɗanda suka fi ta ƙarfi sun buge shi, yana nan."

Ƙanena ya ce, "Yaya, wai ke aka zo gwadawa ko ita?"

Na sake ta. Malamar ta zana babban harafi, 'yata ta ɗora dunƙulen hannunta ta ja, shuɗin layi ya bi bayansa. Ya karkace, aka goge, ta sake. Can sai ga harafin farkon sunanta, a ɗan karkace amma na karanta shi. Malamar ta ce mu kawo ta da kayanta in an dawo daga hutu.

Mun iso gida kafin magariba. Na daɗe ina addu'a yatsun nan su buɗe, ashe ko a dunƙule suna rubutu, fensir ne ya yi musu ƙanƙanta.

Washegari na share ƙofar ɗaki, na baza rairayi, na zana mata harafi na biyu.