Tabarmar Ranar Alhamis

A shekarun da fari ya cinye geron ƙauyenmu aka kai ni gidan marayu a wajen Ɗambatta. Duk Alhamis wata malamar asibiti takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta saurari yaran da damuwa ta yi wa yawa. Wani yaro ɗan garin Kunci, wanda ya daina magana tun rasuwar uwarsa, shi ya fi kowa zama a kanta. Ba ya cewa uffan, amma shi ake saurara, har da shafa kai. Ni kuwa mai zuwa na ɗaya a aji, bakina cike da zance, sai leƙe ta taga. Tawa uwar ma ai ba kasuwa ta tafi ba.

Da layi ya zo kaina ta ce, "Ɗana, me ke damunka?"

Tarbiyyar gidanmu ta riga ni buɗe baki, don ba a tarar babba da kuka. Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Hajiya, alhamdu lillahi."

"Madalla," in ji ta. "To, turo mini abokinka."

Ni na kamo hannun yaron nan ɗan Kunci na kai mata shi.