Hijabin Kamfanin Kawu Rabe

To ni dai abin da nake cewa ke nan, duk wanda zai sake tare ni da maganar gyalena, ya fara zama ya ji labarin Kawu Rabe tukuna. In ya ji kuma bakinsa bai mutu ba, sai mu yi magana.

Kawu Rabe yayan Mamana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bazazzagi ne, kuma ba zai taɓa bari ka manta ba. Ya zo ƙasar nan karatun akanta tun ba a haife ni ba. Ya yi wanke-wanke a gidan abincin 'yan Pakistan, ya yi gadi a shopping centre na Perry Barr, amma yanzu in ka tuna masa sai ya ce harkar security ya yi. A hankali ya buɗe ofis a unguwar Small Heath ta Birmingham, saman wani shagon nama, inda ƙarnin rago ne ke fara yi maka sannu da zuwa. A jikin ƙofa an rubuta Rabe and Sons. 'Ya'yansa kuwa duk mata ne. Na taɓa tambayarsa ina sons ɗin, ya ce Turawa sun fi yarda da kamfani mai 'ya'ya maza. Daga nan ma ai kun san mutumin.

Sana'arsa ɗaya ce: ya koya wa likitocinmu yadda gwamnati ba za ta ga ƙeyar kuɗinsu ba. Duk Bahaushen doktan da ke Birmingham ko Manchester ya san matattakalar nan. Ka buɗe kamfani, ka sa matarka a ciki, ɗakin baƙinka ya zama ofis, motar kai yara makaranta ta zama ta aiki. In wani ya ce, Alhaji, anya wannan ba cuta ba ce, sai ya gyara gilashi ya ce, "Akwai evasion, akwai avoidance. Na farko laifi ne, na biyu basira ce. Kuma haraji ba zakka ba ne." Shi ke nan, ya wanke kowa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, shugabancin ƙungiyar Hausawa da ta haɗa garuruwan biyu. Ba ko sisi a kujerar. Kawai shugaba shi ke zama a gaba wajen ɗaurin aure, shi ke riƙe makirfo ranar Sallah. Kawu ya tsaya ya faɗi, ya sake tsayawa ya sake faɗi, har abin ya zame masa ciwo. Sai ya lura dattawa na son mutumin da ke tsawata wa 'yan mata. Lokacin kuwa ko'ina ka juya maganar lulluɓi ake, a talabijin Turawa na gardamar ko a hana niƙabi, a cikinmu ana gardamar ko gyale ma sutura ce. Kawu ya ɗauki abin ya ɗora a ka. Duk taro sai ya miƙe ya ce 'ya'yanmu sun lalace, wuya a waje, kunne a waje.

Ni yadda aka yi na faɗa hannunsa, council, wato ƙaramar hukuma, ne suka rufe cibiyar yara inda Mama ke aiki a Manchester, wai ba kuɗi. Shekarar da aka yi wasannin Olympics ke nan, kuɗin wasan wuta dai akwai. Ni kuma na bar college, karatun bai karɓe ni ba, ina zaune a flat ɗinmu na Fallowfield ina kallon 'yan jami'a suna wucewa. Mama ta ce in tafi wajen yayanta in dinga ɗaga masa waya.

Ranar farko ya kalle ni sama da ƙasa.

"Murja, mene ne wannan a kanki?"

"Gyale ne, Kawu."

"Wannan gidan sauro ne. A ofishina ba a shigowa da gidan sauro."

Na ce ni ba ni da dogon hijabi, kuma ba ni da abin saye. Ya ɗaga kai yana kallon silin. Na ɗauka tausayina yake ji. Ashe dabara ce ta faɗo masa. Wai in tufa na ɗauke da tambarin kamfani, ta zama uniform, uniform kuwa kayan aiki ne, ana cire kuɗinsa kafin a yanka haraji. Haka ya ce, ni ban san dokarsu ba.

Washegari ya aike ni Perry Barr da ƙullin hijabai wajen Anti Kaneng, wata Kirista 'yar Jos da ke ɗinkin tambari a falonta tun da aka rufe gidan kula da tsofaffi da take aiki. Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta duba ni.

"A ina zan ɗinka?"

"Ya ce a kafaɗa, inda za a gani."

"Ni na yi wa 'yan ƙwallo, na yi wa masu wankin mota," in ji ta. "Na salla dai ban taɓa yi ba. Kin tabbata ba za a zo a ce ni na ɓata muku addini ba?"

Na ce Alhaji ne da kansa ya ce. Ta ce to, Alhaji ya fi ta sani, ta kunna keke.

Da a kaina abin ya tsaya da sauƙi. Amma akwai matarsa, Anti Batulu. A takarda ita ce manajar ofis, alhali ba ta taɓa hawa benen nan ba saboda ciwon gwiwa. Baiwar Allah ce mara hayaniya. Tun tana Islamiyya a Zariya take sa hijabi, tun kafin ta san akwai wani Rabe a duniya, ba wanda ya tilasta ta. Kawu ya kwashe tsofaffin hijabanta kaf ya kai charity shop, shagon gwanjon sadaka, ya kawo mata sababbi masu kyau, 'yan Dubai, kowanne da Rabe and Sons a kafaɗa. Ta juya su a hannu, ta sa. Da su take salla, da su take zuwa gaisuwar mutuwa.

Kafin ka ce kwabo, ya sayar wa likitoci dabarar. Ka je suna a Birmingham ka ga matan manya sun jeru kamar 'yan wasa. Wata da hoton zuciya a kafaɗa, wata da haƙori, don mijinta likitan haƙori ne. Mazan suna ta sa wa Kawu albarka, wai ya haɗa musu duniya da lahira a risidi ɗaya. A shekarar kowa ya ce kujerar nan tasa ce.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, wadda a taronta za a yi zaɓen, sai ofishin haraji suka turo wata Baturiya ta duba harkar kamfanin. Kawu ya sa aka tallabo Anti Batulu har sama, tana nishi, aka zaunar da ita a teburina, ni aka mayar da ni mai kawo shayi. Baturiyar mai fara'a ce, ba ta da matsala. Ta zo kan maganar uniform, ta kalli kafaɗar Anti, ta tambaya cikin ladabi ko wannan lulluɓin na addini ne, ko kuwa na aiki ne kawai.

Anti ta buɗe baki, Kawu ya riga ta. Ya dafa ƙirji ya ce na aiki ne zalla, ba ta sa shi ko'ina sai ofis. Har da "I swear". Ba wanda ya ce ya rantse, shi ya ƙara da kansa, don abin ya zauna.

Baturiya ta rubuta, ta sha shayinta, ta tafi. A mota ina baya na ji Anti ta ce, a hankali kamar mai tambayar farashin albasa, "Alhaji, da na yi sallar asuba da shi yau, aiki nake yi?"

"Batulu, maganar takarda ce."

"Ni da baki na ji ka faɗa."

"Ba ki san yadda ƙasar nan take ba."

Matar da ta haifi 'ya'yanta duka a ƙasar nan. Ta juya tana kallon titi.

Ranar taron, a wani hall da aka kama a Manchester, Kawu ya yi gaba da sassafe da babbar rigarsa don ya gaisa da dattawa. Ni da Anti za mu biyo coach, doguwar bas ɗin nan. Ina shiri ta leƙo ɗakina da atamfa a jikinta, ta kafa ɗaurin ɗankwali irin na matan da.

"Murja, ara min gyalenki."

"Gidan sauron, Anti?"

"Shi."

Na ce ai ga shagunan hijabi nan birjik a bakin titi, mu tsaya ta sayi wanda ba tambari. Ta ce, "In na sa sabo, wa zai tambaye ni dalili?" Shekara da shekaru ina ganin matar nan kamar ba ta iya kashe ƙuda ba.

Mun shiga Kawu na kan makirfo. Kuma kun san a kan me. Yana cewa gida shi ne madubin mutum, wanda ya kasa rufe matan gidansa ba zai iya riƙe jama'a ba. Anti ta ratsa tsakiyar hall da ɗingishinta, gyale a ka, 'yan kunne na rawa, ta je layin gaba na mata ta zauna. Yana ganinta ya kama tari.

Hajiya Rabi'a, matar likitan haƙorin nan, ita kanta pharmacist ce kuma ba ta iya raɗa ba, ta ce, "Batulu, lafiya? Ina hijabin?"

"Yau ba na aiki," in ji Anti.

"Wane aiki?"

"Alhaji ya rantse wa ma'aikaciyar haraji cewa na aiki ne zalla, ba na sa shi ko'ina sai ofis. Ni kuwa ba zan mayar da mijina maƙaryaci ranar Sallah ba."

Ba ihu ta yi ba, amma makirfon na kusa. Na ga mata suna karkata wuya suna leƙen kafaɗunsu. Hajiya Rabi'a ta ja nata ta kalli haƙorin, ta juya ɓangaren maza tana neman mijinta da ido, shi kuwa ya duƙufa kan wayarsa kamar ana kiransa tiyata.

"Alhaji Rabe," ta ce, "mu ma an rantse a kan namu?"

Kawu ya gyara gilashi ya fara, akwai evasion, akwai avoidance. Wata daga baya ta ce, to na Allah wanne ne a ciki? Aka kwashe da dariya, har da maza.

Kada ku ɗauka kowa ya bi bayan Anti. Wasu matan sun ce ta tona wa mijinta asiri, mace ta gari a ɗaki take magana. Wata 'yar niƙabi ta ce laifin miji ba ya halatta buɗe wuya. Wata tsohuwa ta ce uwarta da mayafi ta je Makka ta dawo, ba wanda ya ce aikin hajjinta bai yi ba. Aka yi ta cacar baki har shinkafa ta huce. Anti na zaune tana cin namanta.

Da aka zo ɗaga hannu, mata suna da ƙuri'a, kuma sun fi maza yawa. Wani injiniya da ko jawabi bai shirya ba shi ya ci. Kawu ya koma Birmingham shi kaɗai a mota.

Abin da ya fi ba ni haushi, mazan da suka yi masa dariya ranar, duk wanda ya ce ya canza akanta ƙarya yake. Litinin na yi suka hau benen nan kamar kullum. Tambarin kawai aka daina, matan suka farke nasu da reza. Anti Batulu ta sayi hijabinta fari sol mara rubutu, ta ƙi karɓar risidi, shi take sawa har yau. Suna nan tare, tana dafa masa tuwonsa. Ni aka kora, wai ni na zuga ta da gyalena.

Na dawo Fallowfield, ina aiki a supermarket, ana yanke harajina kafin ma in ga albashin, ba wanda ya taɓa nuna min wata basira. Mama har yanzu ba ta samu aiki irin na da ba. Kawu kuwa ya manyanta, suga ya kama shi, kullum yana waya yana zagin ƙasar nan, wai sai ka yi makonni kafin ka ga GP, likitan unguwa, wai gwamnati ba ta zuba kuɗi a asibiti. Kuma ranar sunan jikarsa da na je, bai ko amsa gaisuwata ba sai da ya ce in ja gyale in rufe wuya.

To ku da kuke da ilimi, ku faɗa min, tsakanin wuyana da rantsuwarsa, wanne ya fi buƙatar a rufe?