Mutuwar Babana a Bangon Lekol

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka kawo fim ɗin nan Gure.

Babana direba ne. Ina goye a bayan Inna ya ɗauki ubangidansa, wani ɗan siyasa da gwamnati ke nema ruwa a jallo, suka tsallake iyaka, can kuma yaƙi ya rutsa da su. Ubangidan ya dawo bayan shekaru, ya yi suna, ya rasu a kan gadonsa. Babana kuwa shiru kake ji. Inna ta ƙi yin takaba, ta ƙi aure. Kullum cewa take ba ta ga gawa ba, ba ta ga wanda ya ga gawa ba.

Da labari ya zo an yi fim na tarihin ubangidan Baba, za a nuna a lekol ɗin da nake koyarwa, sai ta ce, "Ki kai ni. Waɗannan sun bincika, sun san inda yake." Matar da ko talabijin ba ta kallo!

Bayan la'asar aka toshe tagogi da tabarmi, aka haska a bango. Can tsakiyar fim sai ga mota cikin rairayi, aka buɗe mata wuta, direba ya kife kan sitiyari. Ko suna ba su ba shi ba. Inna ta damƙe hannuna tana salati, hawaye na zuba, amma wallahi na ji ta sauke numfashin da ta riƙe tun ina jaririya. "Gobe zan shiga takaba," ta raɗa mini.

Da aka tashi ta ja ni wurin saurayin da ya shirya fim ɗin, wanda shi ne ya kawo shi garinmu.

"Ɗana, ina aka binne direban nan? Maigidana ne."

Ya sosa ƙeya. "Inna, ki gafarce ni. Mun dai ji akwai direba, amma ba wanda ya san ƙarshensa. Mu muka ƙara harbin don fim ya yi armashi."

Na so in zage shi. Inna ta gyara mayafi ta ce, "To, Allah ya yi albarka," muka taho gida. Shekara biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake ambaton Baba ba, ta tafi ba ta san ko tana da miji ko babu ba.

Ranar na gane tarihi na manya ne. Talaka, ko mutuwarsa sai an ga dama a ƙirƙira masa.