Tukunyar da Malam Maharazu Ya Rufe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran malamina, Dakta Maharazu Sada, a gidansu da ke Sandamu, bayan gajeriyar jinya.

Malam, kai ka koya mini aikin da har yau na kasa yi wa mahaifiyata bayaninsa. Tukunyar ƙarfe ce muke zuƙe iskar cikinta, mu dumama garin sinadari har ya zama tururi, tururin ya kwanta a kan gilashi, ya haɗe ya zama fata wadda ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Sannan mu auna yadda lantarki ke ratsa ta. Burinka a samu fatar da za ta ji danshi a rumbu, ta faɗakar da manomi kafin gero ya ruɓe. Ka taɓa ganin danshi ya cinye wa mahaifinka hatsin shekara, kuma abin bai taɓa barin ranka ba. Shekaru muna gwadawa, fatar tana ƙin ji.

Da robar bakin tukunyar ta tsage, ba ka jira sabuwa ta zo daga Turai ba. Shagon Martin Nwafor mai kayan mota a Daura ka je, kuka zazzage buhuna har aka dace. Ranar jana'izarka ya rufe shagonsa, ya tsaya daga gefe yana share ido da gefen riga.

Dokarka ce wanda ya rufe tukunya shi ke buɗe ta, don shi ya san abin da ya zuba. Kai ka rufe ta kafin ka tafi gida, ka ce, “Murjanatu, bar ta, ina dawowa.” Na bar ta har aka share makoki.

Jiya na karya dokar. Na fito da gilashin, na haɗa wayoyi, na hura masa danshin numfashina. Allurar na'urar awo ta motsa, Malam, fatar ta ji. Na juya in gaya maka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba matarka Hajiya Rabi da 'ya'yanka da mutanen Sandamu haƙurin rashinka. Ni ma Ya ba ni, don har yanzu ban samu ba.